Dami Dubu da Lambar Girma

Kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da hanyar da take fid da gwaninta a gaban jama'a. Maƙera suna da sarkinsu, mahauta suna da nasu, haka nan masunta da magina. Amma a cikin waɗannan sarautu duka babu wadda ke burge ni kamar ta Sarkin Noma, domin kuwa a zamanin da ba a samun ta sai da hujjar da ido ke gani. Manomi ne zai haɗa dami dubu na hatsi a damina guda, a jera su a fili, mutanen gari da na ƙauyukan kewaye su zo su ƙirga da kansu, sa'an nan makaɗa su ɗauki kirarinsa. Wanda duk ya yi shakka, ga dammunan nan a gabansa. Maroƙi ko da ya ƙara gishiri a magana, ba shi da ikon ƙara dami ko ɗaya.

Jami'a ita ma tana da nata sarautu, musamman a sassan kimiyya. Akwai digiri na uku, akwai kujerar shaihun malami, akwai zama ɗan Majalisar Masana Kimiyya ta Nijeriya wadda aka kafa a 1977, akwai Lambar Cancanta ta Ƙasa da aka fara bayarwa a 1979, ga kuma kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG da aka soma a 2004, wadda kuɗinta ya kai dala 100,000 a 2011. Jami'a har sanƙira gare ta, watau malamin nan da kan miƙe ranar bikin rabon digiri ya jero ayyukan wanda za a girmama. Sau biyu ina halartar irin wannan biki, kuma duka biyun hankalina ya fi karkata ga rumfunan baya, inda iyaye da suka zo daga ƙauyuka ke zaune da kwanonin abinci. Ana kirari da Turanci mai nauyi, su kuwa suna jira su ga na gaba sun tafa su ma su tafa. Sau da yawa binciken da ake yabo a kan gonarsu aka yi shi, ko a kan garkensu, ko a kan cutar da ta kashe musu ɗa.

Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in duba ratar da ke tsakanin lambar da ake rataya wa masani da mutanen da aka yi binciken dominsu, in kuma nuna cewa wani ɓangare na cike wannan rata a wuyanmu yake, mu ɗaliban Hausa. Zan ɗauko misalaina daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, saboda ayyukan masananta sun shiga gidanmu tun ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tun a 1922 Turawan mulki suka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, kuma da aka buɗe jami'ar a 1962 sai tashar ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashinta. Duk irin shukar da cibiyar ta fitar takan liƙa masa farkon sunan Samaru: SAMNUT ga gyaɗa, SAMPEA ga wake, SAMSORG ga dawa, SAMMAZ ga masara, SAMCOT ga auduga, sa'an nan a bi da lamba. Wanda ke son ya san amfanin wannan aiki sai ya tambayi dattawa labarin 1975. A shekarar nan kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya, alhali mutane ba su gama farfaɗowa daga farin da aka sha a farkon shekarun 1970 ba. Ba ita kaɗai ta rushe dalar gyaɗar Kano ba, kuɗin man fetur ma sun ɗauke hankalin hukuma daga gona, amma ita ce ta karya zuciyar manomi. Shekara da shekaru masana na Samaru da abokan aikinsu na ƙasashen waje suka yi suna barbarar iri da iri kafin su sami gyaɗar da ke jure kuturta kuma take nuna da wuri, irin su SAMNUT 24 da aka fitar a 2011.

Sai dai ban taɓa jin mahaifina ya ce SAMNUT ba. A wurinsa akwai Maibargo, akwai 'Yar Dakar, saura kuwa duk “ta aikin gona” ce. Sunan nan 'Yar Dakar abin lura ne. Gyaɗa ce da aka samar a ƙasar Senegal, masana suna kiran ta da lamba 55-437, manomi kuwa ya raɗa mata sunan birnin da ya ji an ce daga can ta fito, sunan ya zauna har yau. A ganina wannan ita ce lambar girmar da talaka ke bayarwa. Ba shi da kwamiti, ba shi da kuɗin kyauta, amma ba ya raɗa wa iri suna sai ya gwada shi damina biyu ko uku ya ga bai ba shi kunya ba.

Labarin wake ya fi kusa da mu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bin ta, kuma babban maƙiyinsa a gona shi ne wata tsutsa da masana ke kira Maruca. Uwarta wani ɗan ƙwaro ne mai kama da malam-buɗe-littafi da ke yawo da dare, takan yi ƙwai a kan furen wake, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige cikin fure da kwanso ta ci daga ciki, inda feshi ba ya kai wa sosai. In ta yi tsanani takan lalata har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona. Saboda haka manomi kan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina. Ni kaina na goyi tankin feshi ina ɗan sakandare, babu safar hannu, babu abin rufe hanci, in na dawo gida kaina na sarawa, mahaifiyata ta ba ni nono ta ce zai kashe dafin. An bincika dubban irin wake da aka adana a cibiyar IITA ta Ibadan ba a sami wanda ke da ƙarfin tare wannan tsutsa ba. Daga nan sai aka ɗauko ƙwayar gado guda daga wata ƙaramar halitta da ke zaune cikin ƙasa, mai suna Bacillus thuringiensis, aka dasa ta cikin wake da taimakon masana na ƙasar Ostareliya, ta yadda ganye da fure za su riƙa fid da wani sinadari mai ɓata hanjin tsutsar. An fara gwaji a Samaru a 2009 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, aka shekara goma ana yi, sa'an nan a Disambar 2019 aka amince da fitar da irin da sunan SAMPEA 20-T. Da shi feshi biyu ya isa.

Lalle wannan bincike ne irin na dami dubu, domin kowa na iya zuwa gona ya ƙirga kwanso. Duk da haka bai shiga hannun manoma lami lafiya ba. Wasu ƙungiyoyi sun yi tsayin daka suna adawa da shi, suna tsoron illa ga lafiya da kuma dogaro ga kamfanonin iri. Masu binciken suna da amsoshinsu, alal misali cewa wake kansa yake yi wa barbara, saboda haka manomi na iya ajiye irinsa ya sake shukawa. Haka kuma gaskiya ne cewa irin bai hana ƙwarin da ke tsotse kwanso ba, bai kuma hana ƙwaron da ke huda wake a rumbu ba. Duk wannan muhawara ce mai kyau, wadda ta cancanci manomi ya ji ta daga farko har ƙarshe, tun da shi zai shuka, 'ya'yansa za su ci. Amma da Turanci aka yi mafi yawanta, a jaridu da zaurukan taro na Abuja. Abin da ya iso majalisar ƙofar gidanmu gutsattsari ne: wannan ya ce waken yana hana haihuwa, wancan ya ce ko tsutsa ta ƙi shi, ina ga mutum.

Akwai kuma wani nau'in bincike wanda ba shi da damin da za a jera, kuma a kansa ne na fi son in dakata, domin shi ne mu 'yan sashen fasaha muka fi yi wa dariya. Mukan ce kundayen masu kimiyya a kan kanta suke ƙarewa, gara ce mai karanta su. (Su ma ba su bar mu ba: sukan tambaye mu abin da za mu yi da digirin harshen da aka haife mu da shi.) Wani abokin kwanana a ɗakin ɗalibai, mai nazarin sinadaran jikin halittu, shi ya fara ba ni labarin marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok, mutumin Nok ta ƙasar Jaba a Jihar Kaduna, wanda ya ci kyautar NLNG a 2009, ya sami Lambar Cancanta ta Ƙasa, ya kuma karɓi kyautar Georg Forster ta gidauniyar Humboldt ta Jamus a 2013. Mai karatu ya sani cewa kyautar NLNG ba ta arha ba ce, akwai shekarun da alƙalai suka duba suka ce babu wanda ya cancanta, kamar 2005 da 2007. Nok ya yi kwamishinan lafiya, daga baya na ilmi, a Jihar Kaduna, ya rasu a Nuwambar 2017.

Cutar da ya yi rayuwarsa yana bi ita ce wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ciwon barci ga mutum, sammore ga dabba. Tsohuwar abokiyar gaba ce a ƙasar Zazzau. Saboda ita ne, daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa cikin shekarun 1940, aka sassabe kurmin bakin rafuka a yankin Anchau, aka haƙa rijiyoyi, aka ta da mutane zuwa sabon mazauni da aka sa wa suna Takalafiya. Abin da ya sa cutar ta gagari rigakafi shi ne ƙwayar da ke kawo ta gwanar sauya riga ce. Da zarar garkuwar jiki ta gane rigar da take sanye da ita ta shirya kai mata hari, sai ta tuɓe ta sa wata, kuma tana da ɗaruruwansu a ajiye. Allurar da aka yi domin riga ɗaya ba ta da amfani ga ta biyu. Saboda haka sai masana suka koma neman wani abin da ƙwayar ba ta iya sauyawa da sauƙi.

A nan aikin Zariya ya shigo. Saniya mai sammore rashin jini ne yawanci ke kashe ta. Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da wani nau'in sukari a bayansu wanda ke zame musu shaida, kamar tsagar gado a fuska, cewa su 'yan gida ne kuma da sauran ƙarfinsu. Ƙwayar sammore tana fid da wani sinadari mai suna sialidase da ke kankare wannan shaida. Da an kankare, sai saifa da hanta su ɗauke su tsofaffi ne, su shiga hallaka su, jikin saniya ya koma yana cin jininsa da kansa. Tun a 1982 Esievo da abokan aikinsa na tsangayar likitancin dabbobi ta Zariya suka nuna yadda wannan sukari ke raguwa a jinin shanun da suka kamu. Nok ya bi sawun sinadarin har zuwa ƙwayar gadon da ke sarrafa shi, da nufin a yi rigakafin da zai auna wannan wuƙa maimakon riga. A kan haka aka ba shi kyautar 2009. Ya kamata a lura cewa wuya guda ake rataya wa lamba, alhali aikin na gayya ne, kamar dai yadda Sarkin Noma bai taɓa nome gonar dami dubu da hannunsa kaɗai ba.

To, har yau babu allurar rigakafin sammore a kasuwa. Makiyayi yana nan yana dogara ga Berenil da Samorin, magungunan da suka haura shekara hamsin ana amfani da su, waɗanda a wurare da yawa ƙwayar ta fara jure musu. Mai gaggawa zai ce ke nan an ba da lamba a kan abin da bai nuna ba. Ni ban yarda da haka ba, kuma wanda ya ƙarfafa mini ra'ayina mutum ne da bai taɓa shiga aji ba. Ina da kawu, wan mahaifiyata, mai 'yan shanu bunaji, wanda ya taɓa asarar kusan rabinsu wata shekara da ya kai su cin rani kudu. Da na je hutu na zauna na kwashe masa labarin riga da wuƙa da tsagar gado, kamar yadda na rubuta a sama. Ya saurara bai katse ni ba, sa'an nan ya ce, “To, ɗana, malamin nan ya samo allurar?” Na ce, “A'a, Kawu, bai kai ga samowa ba Allah ya karɓi ransa, ya dai gano abin da take yanka da shi.” Sai ya yi shiru, can ya ce, “Ai mun daɗe da sanin jinin ne. In muka yanka ta, naman fari fat, jinin kamar ruwan wankin nama. Mun ɗauka shanye shi take yi. Ashe jikin ne ke juya wa kansa.” Ya tambaye ni ko malamin ya bar almajirai, na ce ya bari, ya kuma bar cibiyar bincike. Ya ce to madalla, Allah ya ba su sa'a.

Abin da na ɗauka daga wannan zama shi ne, talaka ba ya raina ilmin da bai kai ga nuna ba, muddin an gaya masa inda aka kwana. Mutumin da ke dasa mangwaro ya jira shekara biyar ya san haƙuri fiye da mu. Bugu da ƙari, kawuna yana da nasa rabin ilmin, wanda ya samo daga wuƙar yanka da shekarun kiwo, kuma cikin 'yan mintoci ya haɗa shi da na ɗakin gwaji suka dace. Kyautar 2009 ta shekara fiye da goma kafin labarinta ya iso gare shi, shi ma ta bakin ɗalibin Hausa da ya tsinta a hirar dare.

Ban ɗora laifin duka a kan masu kimiyya ba. Kamar yadda malamanmu kan faɗa, ƙarin girma a jami'a da yawan maƙalu ake auna shi, waɗanda aka buga a mujallun masana, galibi na ƙasashen waje. Malamin da ya ɓata wata guda yana rubuta ƙasida da Hausa domin makiyaya, da ƙyar a lissafa masa ita ranar hisabin ƙarin girma. Akwai cibiyar NAERLS a Zariya da ke buga ƙasidu da shirya shirye-shiryen rediyo domin manoma, kuma aikinta abin yabo ne, sai dai yawancin irin wannan saƙo umurni ne: shuka kaza, bar tazara kaza, zuba taki kaza. Dalilin da ke bayan umurnin, watau ainihin abin da aka ba da lamba dominsa, shi ne ba ya ƙetarowa.

Mu fa? Tun a 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa, domin ya gane cewa mai nazarin itatuwan ƙasar nan ba shi da makawa sai ya bi ta bakin masu ita. Kimiyya ta zo ta ari kalmominmu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Da muka tashi ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi, kanmu muka fara yi wa, kamar yadda ƙamus ɗin da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990 ya tattara kalmomin nazarin harshe da adabi. Wannan daidai ne, kowa da gidansa yake farawa. Amma kowace shekara ɗaruruwanmu na rubuta kundin kammala digiri a kan jigo da salon mawaƙin da an riga an yi masa kundi goma, alhali ga sassan kimiyya nan tafiyar minti biyar daga ajinmu, cike da ayyukan da babu wanda ya taɓa faɗar su da Hausa. Me zai hana sashe ya ware wa wasu ɗalibai wannan aiki, kowane ya ɗauki bincike guda, ya zauna da mai shi har ya fahimta, ya rubuta, sa'an nan ya kai kasuwar ƙauye ya karanta a gaban masu abin, ya dawo da tambayoyinsu? Me kuma zai hana sanƙiran jami'a, bayan ya gama da Turanci, ya ba rumfunan baya minti uku?

Kada a ɗauka aikin fassara ce kawai ta ɗauko ƙamus a musanya kalma. Dubi kalmar “ƙwaya” yadda muka ɗora mata kaya. Tubalin ginin jiki “ƙwayar halitta” ne a bakin masu labarai, abin da ke ɗauke da gado shi ma “ƙwayar halitta” ne, duk wata ƙaramar halitta da ido ba ya gani kuwa “ƙwayar cuta” ce, ko tana cutarwa ko ba ta yi. Saboda haka idan mai fassara ya zo bayanin SAMPEA 20-T, abin da ke fita daga bakinsa shi ne an ɗauko wani abu daga ƙwayar cuta an sa a cikin wake. Babu uban da zai ji wannan ya ciyar da iyalinsa da shi, kuma ba za a ce ya yi wauta ba, abin da aka gaya masa ke nan. Aikin shekara goma na iya tsayawa a kan kalma biyu da ba a yi tunani a kansu ba.

Manomi kuwa yana da kalmomin da za a iya ginawa a kansu. Ya san iri, ya san gado, ya san barbara. Ya san aure irin na itace, inda ake yanko reshen mangwaro mai zaƙi a ɗaura a kan kututturen mai ƙarfin saiwa, su zama bishiya guda, har ana ce da 'ya'yan mangwaron aure. Dasa ƙwayar gado ba daidai yake da wannan ba, domin a can rassa biyu ne na dangi ɗaya, a nan kuwa umurni guda ne aka ɗauko daga wata halitta dabam aka shigar cikin irin kansa, ya kuma bi 'ya'ya da jikoki. Mai bayani na gaskiya dole ya faɗi wannan bambanci, kada ya ɓoye shi don neman a karɓa. Daga auren itace zan fara in aka ba ni aikin, in kai ga inda kamar ta ƙare, sa'an nan in nemi masanin ya zauna kusa da ni domin tambayoyin da za su biyo baya.